Abin da Yaya Luba Take Tankaɗewa

Tun da wannan abu ya faru mutane ke tare ni, a gidan suna, a bakin famfo, har a cikin motar haya. "Saratu, wai me ya sami Yaya Luba? Ba tibi aka ce ba?" Bakina ya gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai iya karatu ba, musamman mata masu turka dabbobi a cikin gida.

Yaya Luba yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta na girma. Ni aure ya kawo ni Gusau, ina ɗan ɗinkina a Tudun Wada. Ita kuwa da mijinta ya rasu ta ce ba inda za ta je, ta zauna a gidansa a Bungudu tana kiwon raguna. Kiwo kuma ba na wasa ba. Ragon Luba ko a cikin garke ka gan shi za ka gane shi, gashi yana sheƙi, wuya kamar turmi. Limamin unguwarsu a wurinta yake sayen na layya, alhazai kan aiko tun watan azumi a kama musu. In an yaba sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Dusa da harawa da kanwa, sai kau tsabta. Ba wani asiri." Da wannan sunan take cin abinci, da shi ta aurar da 'ya'yanta, kuma wallahi ta fi son sa da zinariya.

Tarin ya fara ne a ƙarshen damina. A waya na fara jin sa, busasshe, tana magana yana yanke ta. Na ce ta je asibiti, ta ce ni da ma tun ina ƙarama na iya ɗaga hankali. Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyarmu, ta ce sanyin damina ne, ta haɗa mata citta da kanumfari da zuma. Wata ta ce man shanu da tafarnuwa. Mai kemis ya ba ta ƙwayoyi ja da baƙi, ta sha, ya sake ba ta wasu. Da abin ya ƙi, sai aka koma maganar mahassada, wai idon mutane ne ya yi mata yawa saboda raguna. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Hayaƙin nan kam ya kusa aika ta lahira tun a lokacin.

Ranar da na je na gan ta ban gane yayata ba. Awarwaron da take shan wahalar cirewa yana zamowa da kansa har kan yatsu. Da yamma zazzaɓi, da safe zanen gado a jiƙe sharkaf da zufa. Ban tsaya gardama ba, na naɗe mata kaya a leda na ce ta tashi. Ta ce raguna fa? Na ce Lami maƙwabciyarta ta iya zuba dusa, ba karatun allo ba ne.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti a Gusau ba, Allah ya sa kada ya sani. Ka fito da sassafe ka tarar da waɗanda suka riga ka sun cika benci. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwaji daban, kuma kowane layi akwai mai ɗan'uwa a ciki da za a shigar ta gefe kana kallo. Yaya tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafata, ni ina tsaye riƙe da kati kamar gunki.

Likitan farko saurayi ne, yana tambaya yana rubutu, bai cika ɗago kai ba. Kina shan taba? Yaya ta harare shi. Da itace kike girki? E. Akwai mai tari a gidan? Babu. Kuna kiwon kaji ko tantabaru?

"Ko kaza guda ban da ita," in ji Yaya. "Raguna nika kiwo."

Gaskiya ta faɗa, ni ma shaida ce, ba kaza a gidan nan.

Aka gwada kaki, ba a ga komai ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini tabo-tabo fari. Ya ce wani lokaci tibi kan ɓoye wa gwaji, amma alamun duk nasa ne, a fara magani. Ban zarge shi ba, har yau ban zarge shi ba. Maganin kyauta ne, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo shi. Wata nas mai kirki ta zaunar da mu ta yi mana bayani, ta ce kada mu tsorata in fitsari ya koma ja.

A gidana ta yi wannan jinyar. Na ware mata kwano da kofi kamar yadda aka ce, abin yana cin raina. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa, dangin maigidana masu zuwa cin tuwon Juma'a suka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Shi dai maigidan, Allah ya biya shi, bai taɓa ɓata fuska ba, ya koma kwana a falo. Kuma sai ga sauƙi. Tarin ya lafa, ta fara cin tuwo, har ta fara yi mini faɗa a kan miyata ba daddawa. Muka ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe ta. Ba mu san nisa da gida ne ya ba ta wannan sauƙin ba.

Da aka gama azumi ta kafe sai ta koma gida. "Layya na tahe, Saratu. Lami ba ta san hannun ragunana ba, ramewa za su yi." Na yi magiya, na yi fushi, na kira Inna Kulu, duk a banza. Ta ɗauki ledar maganinta ta hau mota.

Ba ta yi wata guda ba aka kira ni. Lami ce ta tarar da ita a durƙushe a tsakar gida, tana jan numfashi kamar an shaƙe ta, ga jini a gefen mayafi. Wannan karon ba layi, kai tsaye aka ba ta gado a ɗakin mata aka sa mata robar iska a hanci. Daga ranar na daina jin komai. Ana cewa sayo kaza, in je in sayo. Ana cewa ɗaga ta, in ɗaga. Ban yi kuka ba, ban ji tsoro ba, yunwa ma sai an tuna mini. Abu ɗaya kunnena ke bi, wani ɗan fito da ke fita daga ƙirjinta duk numfashi. Muddin ina jin sa, to tana nan.

Wata likita ce ta karɓe ta, babbar mace, da jin Hausarta ba 'yar nan ba ce. Ta duba katin ta ce abin bai yi mata daidai ba, mai shan maganin tibi yadda ya kamata bai kamata ya koma haka ba. Ta tambaye ni ko Yaya na tsallake magani. Na ce yayata ko sallar walha ba ta tsallakewa.

Ana cikin haka na je Bungudu ɗebo mata zannuwa. Lami ta tare ni da ƙorafi, wai ragunan sun ƙi cin dusa yadda suka saba, suna shinshinawa suna juya kai kamar akwai abin da suke nema. A bayan turken akwai wani tsohon ɗakin girki da Yaya ta daɗe da sa wa kwado. Makullan suna hannuna. Na ce bari in duba ko akwai wata dusar a ciki.

Warin ne ya fara mari na, ya shiga ido ya shiga maƙogwaro. Ɗakin duhu, an toshe 'yar tagar da tsumma, an cusa buhu a ƙarƙashin ƙofa. Buhuna jingine da bango, irin na abincin kaji. Na buɗe ɗaya. Kashin kaji ne cakuɗe da ɓuntun shinkafa da gashi, ya sha danshi ya dunƙule, samansa ya yi fari-fari da kore-kore kamar tuwon da aka manta a kwano. Ga taɓaryar da take farfasa shi da ita, ga rariya, ga kujerarta 'yar tsugune. Ƙura ta kwanta a kan komai, har bango ana iya rubutu da yatsa. A nan yayata take shiga ta rufe ƙofa ta tankaɗe wannan abu, ta cakuɗa da dusa, don kada matan da ke shigowa ɗiban ruwa a rijiyarta su gani ko su ji wari. Na fito na mayar da kwadon, na ce wa Lami ba komai a ciki.

Mutum ɗaya na sani mai hulɗa da kaji, Sahabi, ƙanen mijinta marigayi, yana aiki a wani gidan kaji a bayan garin Tsafe. Washegari na hau mota, duk da yadda hanyar take da 'yan bindiga, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. Na same shi suna sharar ɗakin kaji, shi da abokan aikinsa, kowa ya naɗe hanci da baki da rawani. Da ya gan ni ya sauke shebur.

Na tambaye shi zancen kashin kajin, bai yi musu ba. Ya ce tun shekarar da mutane suka kasa zuwa gonakin nesa, harawa ta yi wuya, dusa ta yi tsada, Yaya ta kusa sayar da turken. Shi ya ba ta shawara, don ya ga masu shanu na zuwa saye, akwai ragowar abincin kaji a ciki, dabba na ƙiba da shi. Kyauta yake aika mata, zumunci ne. Ya nuna mini inda suke tara shi, wata rumfa mai yoyo, har da matattun 'yan tsaki a ciki.

"Masu saye shanya shi sukai ga rana, Saratu, a fili. Mu da muka share shi ma sai mun ɗaure hanci. Ita ina taka aikin nata?"

Na ce a ɗaki, ƙofa a rufe, taga a toshe.

Ya zauna a kan buhu ya riƙe kai. Ni ko zama ban yi ba, na juya na nemi motar Gusau.

Na tarar da Yaya ido biyu a gadon asibiti. Na sunkuya daidai kunnenta na ce na buɗe ɗakin. Ta daɗe tana kallona, fiton nan yana fita yana komawa. A gadon da ke kusa da mu akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye na Bungudu, kullum danginta cike da wurin. Yaya ta dube su ta dube ni, ta janye robar daga hanci.

"Ki ruhwa min asiri."

Na ce Yaya, likita na neman abin da ke cin ki.

"Tibi anka ce. A bar shi ga tibi. Liman ya yi layya da ragona, Saratu. In anka ji abin da nika ba su, da wane ido zan dubi mutane?" Ta kama hannuna, hannun ba ƙarfi amma ya riƙe. "In kin hwaɗi, ba ni ba ke."

Na mayar mata da robar. Na fita baranda na jira likita ta gama zagaye, na tare ta na gaya mata duka. Ban yi dogon tunani ba. Numfashinta nake so, sunan kuwa a lokacin ko a jikina.

Likitar ta dawo da sauri, kuma a nan ne ƙorafina yake, don da ta ja labule ta rage murya da ya fi. A tsaye ta yi tambayoyin, ɗakin kowa na ji. Tun yaushe kike tankaɗe kashin kajin? Yana da danshi? Kina rufe hanci? Dangin tsohuwar nan suka kasa kunne, har mai ɓare lemo ta tsaya. Yaya ta amsa a gajarce, sannan ta juya fuska bango.

Abin da likitar ta ce mini a ofis ya zauna a kaina. "Kin san funfunar da ke fitowa a kan tsohon burodi? Tana da iri, ƙanana, ido ba ya gani. Kashin kaji mai danshi gidansu ne, su da wasu ƙwayoyin cuta da yawa. In an tankaɗe sai su tashi cikin ƙura. Wanda ya shaƙa sau ɗaya a fili, jikinsa kan iya da su. Ita shekaru ta yi tana shaƙa a rufaffen ɗaki. A hoto kuma abin yana kama da tibi." Ta ce ba za ta rantse ba sai an yi wani gwaji da ba a yi a nan, amma ba za ta jira ba. Na ce za ta warke? Ta ce, "Da mun sani da wuri." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

Aka tsayar da maganin tibi aka koma wani. Wannan ba kyauta ba ne, a Gusau ma ba a samu ba sai da aka yi saƙo daga Kano. Keken ɗinkina ya tafi. Sahabi ya sayar da babur ɗinsa ya kawo, bai iya haɗa ido da kowa ba. Ragunan ma suka tafi, amma ba yadda aka saba ba, don labari ya riga mu isa Bungudu. Waɗanda suka kama tun azumi kowa ya sami uzuri. Wasu na cewa ƙazanta ce, wasu na tambayar malamai ko layyar bara ta yi. Dillalai ne suka kwashe su a kasuwa, a yadda suka ga dama. Ban gaya mata ba. Sallah ta zo ta wuce muna asibiti, ba wanda ya aiko da godiyar rago, ai ta san lissafin da kanta.

Ta cika alkawarinta. Yaya ba ta sake yi mini magana ba. Ni nake yi mata wanka da tsumma, ni nake zubar da fo, ni nake ba ta kunu cokali-cokali, tana buɗe baki tana karɓa, idonta a kan bango. Tana gaisawa da nas, tana amsa wa likita, har tsohuwar gadon kusa takan yi wa sannu. In tana son ruwa ina zaune a gefenta, sai ta ce wa Inna Kulu, "Inna, a miƙo min ruwa." Inna ta yi faɗa har ta gaji. "Haba Luba! Wagga yarinya ta bar gidanta ta bar sana'arta, mi taƙ ƙi yi miki?" Yaya ta rufe ido. Na ce Inna ki bar ta. Ban ji haushi ba, ban ji nadama ba. Ina dai sauraren fiton.

Zazzaɓin ya sauka da sabon maganin, jinin ya tsaya. Amma numfashin bai dawo ba, daga gado zuwa bayi sai ta huta a hanya. Aka sake hoto, likita ta ce huhun ya riga ya yi tabo, abin da ya lalace ba ya gyaruwa. A wannan makonnin na ga alheri da ba zan manta ba. Mai shara da ke ajiye mini ruwan zafi. Nas ɗin da ta je wani ɗaki ta jawo tukunyar iska da kanta ranar da tamu ta ƙare. Na kuma ga ranar da wuta ta ɗauke aka rasa mai kunna inji, da ranar da aka ce mai makullin ɗakin magani ya tafi ɗaurin aure. Allah ya ga duka.

Ga abin da nake son a ji. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ba, na san yadda abincin dabba ya koma, kuma na san mata da yawa na yin abin nan a ɓoye, don bayan magana ta fito har uku sun zo mini a asirce suna tambaya. In dole sai kin ba dabba kashin kaji, ki fara zuwa wurin malaman dabbobi su nuna miki yadda ake gyara shi, don su ma dabbobin yana iya kayar da su. Wanda ya jiƙe ya yi funfuna, gona ce wurinsa. Kada ki taɓa tankaɗe shi a ɗaki. Ki rufe hanci da baki. In tari ya kama ki ya ƙi tafiya, ki gaya wa likita duk abin da hannunki ke taɓawa, ko bai tambaya ba, don shi kaza zai tambaya, ba zai san abin da ke cikin buhu ba.

Ita da kanta ta ce wa likita tana son gida. Likita ta kira ni gefe ta ce ba abin da za su ƙara mata a nan wanda ya wuce iska, in tana son ɗakinta a kai ta. Muka ɗauki shatar mota da hantsi. Inna Kulu a gaba, ni da Yaya a baya, kowa ya riƙe gefensa. Muka fita gari muka kama hanyar Bungudu. An yi ruwa, gero ya fara tasowa, tana kallon gonaki. Inna na ta ba direba labarin yadda hanyar take a da.

Mun wuce shingen sojoji kenan na ji an ce, "Saratu."

Na zaci kunnena ne. Na juya, ita ce, tana kallona.

"Matso da kahwaɗarki."

Na matsa. Ta ɗora kanta a kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Ta gyara kwanciya kamar yadda ni nake yi a jikinta ina ƙarama. Ina tsoron in yi magana ta tuna tana fushi. Fiton yana daidai kunnena, yana fita yana komawa. Muka yi tafiya a haka. Can sai na ji ƙarar injin mota kawai da muryar Inna.

Inna ce ta waiwayo za ta tambaye ni wani abu, ta dube mu, maganar ta tsaya. Sai ta fara salati. Direba ya rage gudu ya gangara gefen titi, ya ce, "Hajiya, a juya asibiti?"

Na ce a'a, mu je gida, amma ya ja a hankali.

Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu. Ban gyara zama ba har ƙofar gidanta.